Baƙi, lamba da abin da ke bayan tagar aji

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a azuzuwan farko na firamare, wato duk lokacin da yanayi ya sauya sai a ware wata rana yara su zana ganye ko girgije ko rana, su shafa launi, a manna a bango, washegari kuma a koma darasin gaske, tamkar abin da aka yi jiya hutu ne aka ba su. Na daɗe ina ganin cewa ana tafka asara a nan, domin sauyin yanayi yana cikin abubuwa ƙalilan da kowane yaro a aji ya gani da idonsa, ya kuma ji a jikinsa, ko ɗan wane ne shi, ko akwai littafi a gidansu ko babu. Ra'ayina shi ne, wannan abin da aka mayar ado ya cancanci ya zama abin da ake karatu a kansa, ake kuma ƙidaya a kansa. Sai dai ba za a ga ta inda ya shigo ba sai an fara fahimtar abin da karatun kansa yake buƙata.

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka kawo wani bayani mai sauƙi wanda har yau ake dogaro da shi. Sun ce fahimtar abin da aka karanta tana samuwa ne daga abu biyu, iya fitar da kalma daga rubutu da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi, kuma alaƙar da ke tsakanin biyun irin ta ninkawa ce a lissafi. Duk abin da aka ninka da sifili, sifili ne. Yaron da ya iya furta kowace kalma a shafi amma bai san ma'anarsu ba bai karanta komai ba, haka nan yaron da ke da bakin magana da tarin labarai amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Malamin aji ɗaya yana da aiki biyu ke nan, kuma kowanne da hanyarsa.

Aikin farko ba ya zuwa da kansa. Yaro yana koyon magana ba tare da an zaunar da shi ba, muddin ana magana a kusa da shi, amma rubutu ƙirƙirarsa mutane suka yi, kuma dole a nuna wa yaro yadda yake aiki. Kafin ma a kai ga harafi, ana so kunnensa ya fara rarrabe sautukan da ke cikin kalma, ya tafa hannu ya ƙirga gaɓoɓin sunansa, ya gane cewa "rana" da "rami" da sauti ɗaya suka fara, ya iya faɗin abin da ya rage idan aka cire gaɓar farko daga "tafasa". Bayan haka ake ɗora harafi a kan sautin, kaɗan-kaɗan kuma bisa tsari, ana haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa, a haɗa gaɓa da gaɓa a sami kalma, sannan a ba shi gajerun jimloli waɗanda babu wani harafi a cikinsu sai wanda aka riga aka koya masa. Wani kwamitin ƙasa da aka kafa a Amurka don nazarin koyar da karatu ya fitar da rahotonsa a 2000, inda ya tabbatar da amfanin koyar da alaƙar sauti da harafi kai tsaye kuma a jere. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya bi wannan hanya, kuma tun 2012 ake yi wa 'yan kimanin shekara shida wani ɗan gwaji na kalmomi 40, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana. Dalilin saka su yana burge ni, domin kalmar da babu ita a harshe ba a iya haddace ta, ba a kuma iya cankarta daga hoto, sai dai a karanta ta.

Wannan ya taɓo wata matsala da ke ɓoye a azuzuwa da yawa, wato amshi. Malami ya karanta layi a allo, yara su maimaita da murya ɗaya, mai wucewa ya ji daɗi ya ce ana karatu. Amma idan aka kira yaro ɗaya, aka nuna masa kalma ta uku a layin ba tare da an fara daga ta farko ba, sai ya yi shiru, ko ya rera layin duka daga farko har ya iso wurin. Hadda tana da muhallinta, ba na raina ta, amma tana iya rufe rashin iya karatu na tsawon shekara biyu ko uku ba tare da kowa ya lura ba.

Tsawon lokacin da wannan aiki ke ɗauka ya danganta da harshen. Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13 a wani bincike da aka buga a 2003, suka gano cewa a harsunan da harafi ke tsayawa kan sauti ɗaya, irin su na Finlan da Girka da Italiya da Sifaniya, yawancin yara kan iya karanta sauƙaƙan kalmomi daidai kafin ƙarshen shekarar farko, alhali masu koyo da Ingilishi, wanda rubutunsa ke cike da saɓani, sun buƙaci fiye da ninki biyu na wannan lokaci. Saboda haka malamin da ke koyarwa da harshe mai daidaitaccen rubutu bai kamata ya ari jinkirin da ba nasa ba, kuma yaron da ya fara da harshen da yake ji ya riga ya mallaki rabin abin da Gough da Tunmer suka ambata tun kafin ya shigo aji.

Abin da ya sa ake matsa wa wannan mataki shi ne giɓin ba ya tsayawa yadda yake. Keith Stanovich ya yi bayani a 1986 cewa yaron da ya iya karatu da wuri yakan ƙara karantawa, sai kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara yi masa sauƙi, wanda kuwa ya sha wuya tun farko yakan guje wa littafi, sai tazarar ta riƙa faɗaɗa kowace shekara. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kuma ƙiyasin 2022, bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ya kai kashi 70.

Aiki na biyu, wato fahimtar harshe, shi ne aka fi mantawa da shi, watakila don ba ya da gwajin da ke nuna sakamako cikin mako guda. Donna Recht da Lauren Leslie sun yi wani gwaji a 1988 da ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka, inda suka ba su wani rubutu kan besbol, wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, suka nemi su nuna abin da ya faru a ciki. Ɗaliban da ake ɗauka raunana a karatu amma suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba. Duk da cewa waɗannan yara sun girme 'yan aji ɗaya, abin da gwajin ya nuna ya shafi kowa: mai karatu yana fahimtar rubutu ne gwargwadon abin da ya riga ya sani game da batun. Ashe ke nan tara wa yaro sanin duniya, da kalmomin da ake faɗin wannan sani da su, wani ɓangare ne na koyar da karatu, kuma ba sai ya iya haɗa baƙi za a fara ba.

A nan ne yanayi ya shigo. Ɗauki misalin shuka a farkon damina, ko a duk lokacin da tsirrai ke farfaɗowa a inda makarantar take. Idan aka sa iri a jikin kofi mai nuna abin da ke ciki, tsakanin bangon kofin da jiƙaƙƙiyar takarda, yara za su ga irin ya kumbura, ɓawonsa ya tsage, saiwa ta fito ta nufi ƙasa kafin tsiro ya nufi sama. Kowace safiya akwai sabon abin faɗi, kuma kowane sabon abu yana neman kalmarsa: danshi, saiwa, toho, jijiyar ganye, yaushi, ƙafewa. Waɗannan kalmomi ba sa zama a kan yaro idan an rubuta su a allo sau ɗaya an share, suna zama ne idan ya yi makonni yana jin su, yana kuma buƙatarsu don ya faɗi abin da ya gani, gani kuwa ya kori ji. Malama tana iya tambayar yara abin da ya sauya tun jiya, ta rubuta jimlolinsu a babbar takarda suna kallon yadda maganarsu ke komawa rubutu daga hagu zuwa dama, da tazara tsakanin kalma da kalma, da aya a ƙarshe. Bayan mako biyu ajin ya mallaki ɗan littafinsa, wanda kowane yaro ya san abin da ke ciki domin a gabansa ya faru. A gefe guda kuma tana karanta musu da baki littattafan da suka fi ƙarfin karatunsu kan tsirrai da ruwan sama da tsuntsaye masu ƙaura, tunda kunnen ɗan shekara shida ya yi wa idonsa nisa ƙwarai, kuma zalunci ne a tsare shi a kan jimloli masu kalma uku kawai don su ne yake iya karantawa da kansa.

Ina da sharaɗi ɗaya a nan. Kada jigon yanayi ya rusa jerin koyar da haruffa. Don ana maganar girgije ba dole ne a ce yaron da bai wuce haruffa biyar ba ya karanta kalmar "girgije" da kansa. Ya ji ta, ya faɗe ta, ya gan ta a rubuce, amma darasin haɗa baƙi ya ci gaba bisa tsarinsa a lokacin da aka ware masa kowace rana.

Lissafi ma yana da irin tasa haddar. Yaro yana iya rera ɗaya zuwa ɗari bai yi tuntuɓe ba, amma a zube masa tsakuwa bakwai ya ce tara, saboda bakinsa ya riga yatsansa gudu. Rochel Gelman da Charles Gallistel sun fayyace a 1978 abubuwan da ƙidaya ta gaskiya ta ƙunsa, daga ciki akwai ba kowane abu lamba ɗaya tak, da bin jerin lambobin ba tare da sauyi ba, da gane cewa lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce adadin tarin gaba ɗaya, da kuma sanin cewa ko ta wane gefe aka fara adadin ba ya canzawa. Na ukun nan yana da sauƙin gwadawa. Bayan yaro ya gama ƙirga, a tambaye shi nawa ne, idan ya sake farawa daga ɗaya to bai kai wurin ba tukuna. Jean Piaget, masanin tunanin yara, shi ma ya nuna tun da daɗewa cewa idan aka jera abubuwa masu adadi ɗaya a layi biyu, ƙaramin yaro kan ce layin da aka baje ya fi yawa a kan wanda aka matse, ko da a gabansa aka baje shi. Muhimmancin wannan mataki ya fito a nazarin da Greg Duncan da abokan aikinsa suka buga a 2007, inda suka haɗa bayanan bincike shida da suka bi yara tsawon shekaru, suka ga cewa sanin lissafi lokacin shiga makaranta ya fi sauran abubuwan da suka auna hasashen nasarar yaro a gaba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ta samo asali daga Jerome Bruner, wanda ya ce a shekarun 1960 yaro kan fahimci abu ta hanyar aikatawa da hannu, sannan ta hoto, sannan ta alama, kuma manhajar lissafi ta Singafo ta shahara da bin wannan tsari. Kafin a rubuta 14 a allo, yaro ya ɗaure tsinke goma wuri ɗaya ya ajiye huɗu a gefe, ya zana ɗaurin da ragowar, daga nan ne zai gane cewa 1 da ke cikin 14 ɗauri guda ne na goma. Wanda ya taɓa kwance ɗaurin goma da hannunsa don ya ɗebe 8 daga 23 ba zai ɗauki aro a lissafi a matsayin wani sihiri da malami ya ƙirƙiro ba. Alamar daidai ita ma tana buƙatar kulawa. Masu bincike a Amurka sun ba 'yan firamare tambayar 8 + 4 = __ + 5, kuma mafi yawansu suka rubuta 12 ko 17, domin sun ɗauka ma'anar alamar ita ce "ga amsa nan tafe", ba su san tana nufin ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya ba. Maganin wannan ba shi da tsada, a riƙa rubuta 7 = 3 + 4 da 5 + 2 = 6 + 1 tun daga aji ɗaya. Haka kuma Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna a 2008 cewa kimanin awa ɗaya jimilla na wasa a kan allo mai gidaje 1 zuwa 10 a jere ya inganta fahimtar girman lambobi ga yaran da ba su kai shekarun firamare ba daga gidaje marasa ƙarfi, alhali irin wannan allo mai launuka kawai bai yi hakan ba.

Abin da yanayi ke ba lissafi shi ne lambobi masu dalili. Jadawalin da ake cikawa kowace safiya, rana ce ko hadari ko ruwa ko hazo, yana tara alamomin da za a ƙirga biyar-biyar a ƙarshen wata, kuma daga gare shi tambayoyin tarawa da ɗebewa ke fitowa da kansu: ranakun hadari sun fi na ruwa da nawa, kuma idan aka haɗa duka me ya sa dole su yi daidai da ranakun da aka zo makaranta. Tsiron da ke cikin kofi ana iya auna shi kowane kwana biyu da zare, a yanke zaren a manna a jere, sai ga jadawalin tsayi ya bayyana tun kafin a koya wa yara sunansa. Gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da aka ajiye a fili ya zama ma'aunin ruwan sama. Wanda na fi so shi ne inuwa, a kafa sanda a wuri ɗaya a riƙa auna inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a mako. Da farko a bar yara su auna da taku, domin idan takun malami ya ba da huɗu, na ƙaramin cikinsu ya ba da bakwai, gardamar da za ta tashi ita ce za ta sa su nemi ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, sai a fito da rula da santimita a lokacin da suka san amfaninsu. Takardar aiki mai hoton ganye a gefen tambayar 3 + 2 ba ta cikin wannan lissafi, domin ganyen bai ƙara komai ba, ko an cire shi tambayar tana nan yadda take.

Ma'aunin da nake amfani da shi wajen tantance kowane aikin yanayi shi ne, a kan me yaro ya yi tunani yayin da yake yinsa. Idan malama ce ta kwana tana yanka siffofi, yara suka manna, aka sami hotuna talatin iri ɗaya a bango, to tunanin yaro bai wuce gam da almakashi ba. Riƙe almakashi yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir, wannan gaskiya ne, amma a kira shi da sunansa, kada a ce an koyar da yanayi. Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a Jamus suna lambun yara a 1840, ya ba yaran ƙananan filaye na gaske su shuka su kula da su, kuma ina ganin ya fi mu fahimtar lamarin.

Akwai kuma kuskuren ɗauko yanayi daga littafi maimakon daga taga. Littattafan yara da yawa an rubuta su ne a ƙasashe masu yanayi huɗu, da dusar ƙanƙara da ganyaye masu zuba, alhali ɗimbin yaran duniya suna zaune a inda shekara ta kasu tsakanin lokacin ruwa da lokacin rani, kuma watan Disamba da ake sanyi a Turai lokacin zafi ne a Ostireliya. A fara da abin da yaro ke gani, daga baya a nuna masa na wasu a matsayin abin kwatantawa, wanda shi kansa darasi ne mai daɗi. Ba sai an yi wa ɗan shekara shida bayanin karkatar duniya da kimanin digiri 23.5 ba, amma ya kamata malamin ya san cewa wannan karkata ce ke kawo sauyin yanayi, kuma duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, don kada ya gaya wa yara cewa zafi yana zuwa ne saboda mun matsa kusa da rana, abin da za su sha wuyar gogewa daga baya.

Saura batun bambancin yara, wanda duk mai aji ya san shi. A aji ɗaya za a sami mai karanta labari da wanda bai gane harafi ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda ta fara wani bincike kan matsayin karatun yara mai suna ASER a 2005, tana gwada kowane yaro shi kaɗai cikin 'yan mintuna, a ga ko yana matakin harafi ne ko kalma ko sakin layi ko labari, sannan a raba yara rukuni-rukuni gwargwadon matakinsu na wani ɓangaren yini. Aikin yanayi yana sauƙaƙa irin wannan rabo ba tare da wani ya ji an ware shi ba, tunda duka ajin a kan kofi ɗaya da jadawali ɗaya suke aiki. Wani ya nemo duk inda harafin "r" ya fito a littafin ajin, wani ya rubuta sunayen sassan tsiron a jikin zanensa, wani ya rubuta jimla uku kan abin da ya faru da wani kofin shuka da aka ɓoye a duhu. A lissafi wani ya ƙirga ranakun ruwa, wani ya nemo bambancin wannan wata da wanda ya wuce. Idan shekara ta ƙare, a adana jadawalin ruwan da ma'aunin inuwar da kwanan watansu, domin ajin da zai shigo baɗi zai sami lambobin bara da zai kwatanta nasa da su tun daga makon farko.